Black Panther: rigimar gidan sarauta ce ta riƙe ni, ba faɗan ba

Finafinan jaruman Marvel ba su cika zaunar da ni ba. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi: mugu ya taso zai halaka duniya, a yi ta rushe benaye, a tashi. Black Panther na 2018 ne kaɗai na kalla har na sake nema, kuma a kallo na baya-bayan nan na gane abin da yake jawo ni.

Jarumin ya girmi fim ɗin nesa ba kusa ba. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro shi a 1966 cikin mujallun labaran zane na Amurka. Da darakta Ryan Coogler ya ɗauko shi, sai ya mayar da labarin rikicin gadon sarauta, irin wanda ba sai an yi wa Bahaushe fashin baƙinsa ba. Sarki T'Chaka ya kashe ƙaninsa a birnin Oakland na Amurka, ya baro ɗan marigayin can, maraya, aka binne maganar. Yaron ya girma da ƙullin a zuciya, ya dawo Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar Afirka da labarin ya ginu a kanta, neman kujerar da ɗan baffansa T'Challa, wato Black Panther, ya hau. Kuma yana da haƙƙin nema, tunda jinin gidan ne. Nan ne fim ɗin ya yi ƙarfi. Michael B. Jordan ya fito a Killmonger, wato marayan nan, yadda za ka tsani aikinsa amma ka kasa ƙaryata kukansa. Dubi fitowarsa a gidan tarihi na Landan, yana tsaye gaban kayan Afirka cikin gilashi, yana tambayar baturiyar da ke kula da su ko kakanninta saye suka yi. Duk wanda ya san yadda sojojin Ingila suka kwashe tagullan Benin a 1897 ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Chadwick Boseman kuwa, wanda ya fito a T'Challa, sarautar ta karɓe shi: magana a hankali, tafiya ba gaggawa. Kallonsa yanzu da nauyi, sanin cewa yana fama da ciwon dajin hanji lokacin da ake ɗaukar fim ɗin, har ya rasu a 2020 yana da shekara 43.

Sutura ma an yi aiki. Ruth Carter ta ci kyautar Oscar a kanta, kuma ta cancanta. Na sha tsayar da hoton don in ƙare wa dattawan fada kallo: barguna irin na Lesotho, faffaɗar hular matan Zulu a kan mahaifiyar sarki, ga shigar 'yan kasuwa mai kama da ta Buzaye. Kiɗan kuma a lasifika mai kyau za ka ji shi, musamman inda muryar Baaba Maal na Senegal ke tashi. Wayar hannu cin amanarsa take yi.

To, ga inda raina bai so ba. Kusan farkon fim an rubuta dajin Sambisa ɓaro-ɓaro, ga motoci ɗauke da matan da aka sace. Jarumi ya diro daga sama, cikin 'yan mintuna ya gama da 'yan bindiga, har da ɗan barkwancin soyayya a kai. A 2018 ɗin nan iyayen 'yan matan Chibok da yawa suna nan suna jira. Ciwon mutane aka ara don gabatar da jarumi, ba a sake waiwayarsa ba.

Faɗan ƙarshe shi ma bai yi ba. Mutum biyu cikin riga kusan iri ɗaya suna dambe a duhu kan layin dogo, duk aikin kwamfuta, ba ka gane wa ya naushi wa. Kokawar da aka yi a bakin ruwa, jiki da jiki, ta fi shi sau goma. Ga karkandan yaƙi da aka cusa ba gaira ba dalili.

Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3, kuma shi aka fara haskawa a Riyad da Saudiyya ta sake buɗe silima a 2018. Ba sai ka kalli sauran finafinan Marvel ba kafin ka fahimce shi. In da ƙananan yara za a kalla, a lura akwai suka da mashi da yankan wuya.