Fiton kwale-kwale a fadamar Guri: aikin da ya gamsar da kuma gyaran da ya rage

A ƙaramar hukumar Guri da ke arewa maso gabashin Jihar Jigawa akwai ƙauyukan da ruwa ke yanke su daga tudu da zarar damina ta yi nisa, su koma tsibirai har sai an shiga hunturu, wasu ma har bazara. Duk mai son shiga irin waɗannan garuruwa ba shi da wata hanya sai jirgin fito. Wannan sharhi ya shafi fiton ɗaya daga cikinsu ne, ƙauyen da nake zuwa sarin bandar kifi, kuma zan faɗi tun yanzu cewa masu fiton sun san aikinsu, kuɗinsu bai fi ƙarfin talaka ba, amma yadda suke lodi ranar kasuwa abu ne da bai kamata a ci gaba da kawar da kai a kansa ba.

Jiragen na katako ne, an toshe tsagoginsu da tsumma da kwalta. Mafi yawansu gwangwala ake tura su da ita, sai an kai wuri mai zurfi a koma ga filafili, kuma akwai guda mai inji da ake fito da shi idan kaya sun yi yawa. Babu tikiti, babu jadawali. Jirgi yana tashi ne idan ya cika, ko kuma idan wani ya yarda ya biya kuɗin guraben da suka rage. Kuɗin mutum bai kai abin da ɗan acaɓa zai karɓa a tafiya mai irin wannan nisa ba, babur da buhun shinkafa kuwa kowanne da farashinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne farashin ba ya sauyawa don an ga baƙuwar fuska, kuma ban taɓa ganin an karɓi kuɗi a hannun 'yan makaranta ko masu rakiyar gawa ba.

Ƙwarewar ɗan fito a wannan fadama tana bayyana ne wajen sanin hanya. Ruwan da ake ratsawa daga Kogin Haɗejia yake, wanda ke haɗuwa da Kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, ya gangara Tafkin Cadi. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ruwan yana zuwa ne da ƙarfi a damina ya wanke hanyoyinsa, da rani kuma ya janye ƙasa ta bushe. Bayan madatsun, sai aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan kusan duk shekara, kuma wannan shi ne yanayin da ciyawar kacala ke so. Ta toshe tsofaffin hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta karkatar da ruwa mai yawa zuwa mashigar Marma da ta nufi Nguru, gonaki da burtalai suka nutse. Saboda haka jirgin yana bi ne ta wata siririyar hanya da mutanen gari suka sassare da lauje a aikin gayya, kacala ta fi tsayin mutum dama da hagu, babu abin da baƙo zai gani ya gane gabas da yamma. Dattijon da ya fi yawan ɗauka ta, wanda kowa ke kira Baba, yana gane kwana ne da kututturen giginya ko da wurin da aka kafa dumba, wato shingen kama kifi, kuma yakan kauce wa tarun masunta ba tare da an yi masa magana ba.

A bakinsa na fara jin tarihin garin, daga baya dattawa suka maimaita mini kusan iri ɗaya. A cewarsu masunta ne suka fara kafa tunga a kan tudun, suna zuwa su yi su su koma, har wasu suka ga ƙasar tana ba da shinkafa suka zauna. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani game da yankin, inda Badawa da Mangawa suka daɗe tare da Hausawa, Fulani kuma suna sauka da shanu idan ruwa ya ja baya. Har yanzu ana kiran mai garin Bulama, sarautar da ta zo daga ɓangaren Barno, alhali garin yana ƙarƙashin Masarautar Haɗejia, wadda Turawa suka ci da yaƙi a 1906. Tsofaffi ba sa lissafin garin a matsayin tsibiri tun asali. Suna tuna lokacin da ake shiga da jaki da amalanke mafi yawan shekara, fito kuwa sana'ar 'yan watanni ce da masunci ke yi a gefe. Ruwan da ya ƙi janyewa ne ya mayar da ita sana'ar da gidaje ke ci da ita.

Maganar yawan jama'a kuma tana da nata sarƙaƙiya. Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya, ta ba Jihar Jigawa mutum sama da miliyan 4.3, ta ba ƙaramar hukumar Guri sama da 110,000. An yi ƙidayar ne a watan Maris, tsakiyar rani, lokacin da samari da yawa sun tafi ci-rani Kano ko Legas, wasu masunta sun bi kifi zuwa wasu wurare, Fulani kuma sun cika fadama. Garin da aka ƙirga a Maris ba shi ne garin da za a tarar a Satumba ba. A da, dagatai da bulamai suna riƙe da lissafin magidanta saboda haraji, amma tun da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kano, wannan lissafi ya bi ruwa. A ganina, yau babu wanda ya fi masu fito sanin adadin mutanen tsibirin. Su ne ke ƙetarar da amarya, su dawo da mai jego, su san gidan da ya kwashe kayansa ya koma Haɗejia bayan ambaliyar 2020 ko ta 2022, da gidan da ya dawo. Masu allurar rigakafi ma, na lura, su suke fara tambaya kafin su sauka.

Wannan sani nasu shi ne ya sa lodin ranar kasuwa ya fi ba ni takaici, domin sun san yawan mutanen da za su fito, sun kuma san iyakar jiragensu. Duk da haka za a jera buhuna, a ɗora babur, a zaunar da mata da goyo a kan kayan, har ya zama tsakanin bakin jirgi da ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba, yaro guda yana ta kwalfe ruwa da ƙoƙo. Na taɓa cewa a rage, sai Baba ya amsa cikin ladabi cewa wanda aka bari zai rasa kasuwa, kuma duk 'yan uwa ne, babu wanda zai iya ce wa ya sauka. Uzurin yana da ma'ana a zamantakewa, amma ruwa bai san zumunci ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a madatsar Watari ta Jihar Kano ya kife da ɗaliban Islamiyya, aka rasa aƙalla mutum 29, kuma lodi fiye da kima ne aka ɗora wa alhakin. Rigunan kariya na ruwa da ake da su a mashigin ƙauyen da nake zuwa ba su kai yawan fasinjan jirgi guda ba, an kuma rataye su a rumfa, ba a ba kowa sai wanda ya nema. Gyaran ba mai tsada ba ne. A ja layin fenti a jikin kowane jirgi wanda ruwa ba zai wuce ba, Bulama da Sarkin Ruwa su tsaya a kai, a kuma ware sahu guda na kaya zalla da sassafe kafin mutane su taru.

Mashigin kansa laka ce, babu dakali, don haka sai an tuɓe takalmi an naɗe wando, tsofaffi kuma sai an tallafe su. Sauro yana da yawa da yamma.

Wanda zai je, ya fi kyau ya isa bakin ruwa da hantsi a ranar da ba ta kasuwa ba, ya riƙe canji, ya saka waya da takardu a leda, ya kuma nemi rigar kariya ko da za a yi masa dariya. Mai kaya masu nauyi gara ya yi shatar jirgi shi kaɗai, domin bambancin kuɗin bai kai asarar buhu guda ba. Fito yana tsayawa ne kafin magariba, bayan nan ba a tashi sai don mara lafiya ko mai naƙuda, kuma a irin wannan hali ana buga wa ɗan fito waya ne ya zo da tocila, a ƙetare, sannan a nemi babur ko mota zuwa asibiti a can tudu.