Hattara da mai tallan "furen inuwa" a Facebook

Jama'ar Gombe, musamman masu bishiya a tsakar gida, ku yi hattara. Akwai wani da ke tallan "furen inuwa ɗan Turai" a Facebook da WhatsApp, wai ko a gindin darbejiya ka shuka shi zai shekara goma yana tohowa. Ni dai ya riga ya ci naira 18,000 tawa.

A gidana da ke Tumfure akwai mangwaro da darbejiya, ƙarƙashinsu fayau, ko ciyawa ba ta fitowa. Uwargida ta daɗe tana mitar a ƙawata wurin. Da na ga hotunansa, ganye fala-fala kore shar, sai na tura kuɗi. Ya sa kayan a mota na karɓa a tasha: 'yan dunƙule goma, da farin gari a leda wai "maganin saiwa" ne, a barbaɗa a gindin bishiya don saiwarta ta daina ƙwace ruwa.

Muka yi ta sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa muna zubawa, kun dai san tsadar ruwa a garin nan. Shida suka tsiro. Surukata ta zo daga Kaltungo, kallo ɗaya ta yi musu ta ce, "Ɗan nan, yaushe ka fara noman gwaza?" Wallahi gwaza ce! Furen da ke cikin hoton kuwa hosta ake kiransa, asalinsa daga Japan, Koriya da Sin, kuma sai ya sha makonni cikin sanyi mai tsanani kafin ya sake tohowa. Ina shi ina zafin Maris da Afrilu, da muke kaiwa digiri 40?

Farin garin cikin ledar ne ya fi ba ni haushi. Wani mai lambu ya duba ya ce gishiri ne aka cakuɗa da wani abu. Kafin nan na riga na barbaɗa rabi, bakin ganyen mangwaron duk ya ƙone. Babu maganin da zai hana saiwa shan ruwa bai cuci bishiyar ba, domin ƙananan saiwoyin da take ci da su a sama-sama suke, daidai inda kake son shuka furen.

Na kira lambar, a kashe. Shafin ma ya sauya suna, amma hotunan su ne dai.

Mai lambun ya ce in dai dole sai na shuka, in nemi moda ko albasar kwaɗi, waɗanda suka saba da ƙasarmu. In haƙa ƙananan ramuka tsakanin saiwoyi da farkon damina, kada in sare babbar saiwa, kada kuma in tula ƙasa a jikin kututture. Mafi sauƙi ma a jera tukwane a inuwar. Haka muka yi, tukwane biyar. Gwazar kuma uwargida ta ce a bar mata, za ta dafa.