Kwas ɗin intanet kan ciwon zuciya na gado: ya gyara mini hannu, ya bar ni da baki

Ni likita ce ta gama-gari, irin waɗanda kowa ke fara biyowa ta wajensu kafin a kai ga ƙwararren zuciya, kuma domin irinmu aka shirya wannan kwas na intanet kan cututtukan zuciya da ake gado. Na kammala shi, na kuma ɗan jima ina aiki da abin da na ɗauko kafin in zauna rubuta wannan. Kashi biyu cikin uku na kwas ɗin sun biya ni lokacin da na kashe, har da riba. Ragowar kashi ɗayan kuwa, wato batun gwajin ƙwayoyin halitta da yadda ake magana da dangin mara lafiya, akwai sauran aiki ja a gaban masu shirya shi.

Tsarinsa ba wani sabon abu ba ne: gajerun bidiyo, tarin takardun ECG, wato zanen wutar bugun zuciya, da ake buɗewa ɗaya bayan ɗaya, sai tambayoyi a ƙarshen kowane darasi. Sauti na fita tangaram, malaman ba sa jan magana. A waya hotunan ECG ɗin kan matse har ƙananan gidajen takardar su ɓace, don haka kwamfuta ta fi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su buɗe da lacca ba. Takardun ECG suka zube mana, suka ce kowa ya auna tazarar QT, wato lokacin da manyan ɗakunan zuciya ke ɗauka daga kamawar wutar bugu zuwa hucewarta, ya faɗi wanne ne lafiya, wanne ya yi tsawo. Sai da kowa ya tura amsarsa sannan suka kawo binciken da Sami Viskin na Tel Abib da abokan aikinsa suka wallafa a 2005. Likitoci 902 daga ƙasashe 12 aka ba takardun ECG huɗu, biyu na masu ciwon doguwar QT, biyu na lafiyayyu. Waɗanda QT ɗin ne sana'arsu, kashi 96 cikin 100 sun raba su daidai. Ƙwararrun rikicewar bugun zuciya, kashi 62. Sauran likitocin zuciya da mu na gama-gari kuwa, ko kashi 25 ba mu kai ba. Wanda ya ga wannan lissafi bayan ya riga ya tura tasa amsar, ba sai an roƙe shi ya natsu ba.

Darasin da ya biyo baya shi ne zuciyar kwas ɗin, kuma da shi kaɗai suka bayar da na ce an gode. Malamar ta ɗora takarda a tebur, kyamara na kallon hannunta daga sama. Cikin layukan da ECG ke zanawa ta zaɓi layin II, ta ce in bai fito da kyau ba a koma V5, ɗaya daga layukan ƙirji da ake kira V1 zuwa V6. Ta ja layi a kwance bisa matakin da zanen ke hutawa, sannan ta aza rula a kan gangaren tudun T, wanda ke nuna hucewar bugu, daidai inda ya fi tsananin sauka, ta ja layi har ya ratsa na kwancen. Inda suka haɗu, nan T ya ƙare. Ɗan tudun U da ke leƙowa a baya ta rufe shi da yatsa, ta ce ba ruwanmu da shi. Ta ƙirga ƙananan gidaje daga farkon Q, inda bugu ke kamawa, zuwa mahaɗar, kowane gida milisakan 40 idan takarda na tafiya milimita 25 a daƙiƙa, ta kuma auna tazarar bugun da ya gabata domin daidaita QT da saurin bugun zuciya ta hanyar dabarar Bazett, wadda ake amfani da ita tun 1920. Ta tsaya ta yi gargaɗi cewa Bazett na ƙara wa QT tsawon ƙarya idan zuciya na sauri, kamar a yaro mai zazzaɓi ko wanda tsoro ya kama, a nan gara a lissafa da ta Fridericia ko a sake gwajin bayan ya natsu. Wannan hanya ta rula wasu likitocin Amsterdam, Pieter Postema da Arthur Wilde da abokansu, suka gwada ta a kan ɗaliban likitanci a 2008, ɗaliban suka fi galibin likitocin binciken Viskin dacewa. Aikin 'yan mintuna ne, amma a makaranta babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini shi da hannu. Ana dai ce mana mu duba lambar da na'ura ta buga a saman takarda. Ita kuwa na'ura takan haɗa U da T, ko ta rikice idan T ɗin ya baje.

Na ji daɗin yadda suka nuna cewa kuskuren baki biyu gare shi. A ƙyale mai ciwon ya tafi gida, wata rana ya faɗi. A laƙaba wa lafiyayye ciwon kuma, an raba shi da wasanni, an ɗora shi a kan magani har ƙarshen rayuwa, wani ma a dasa masa na'urar farfaɗo da zuciya a ƙirji ba gaira ba dalili. Asibitin Mayo na Amurka ya ba da rahoto a 2007 cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka turo musu da sunan suna da ciwon doguwar QT, da aka sake dubawa ba su da shi. Da yawansu suma ce ta yau da kullum, irin ta mai tsayuwa cikin zafi, ta haɗu da awon da ba a yi daidai ba.

Daga nan suka shiga tarihin mara lafiya, inda nake ganin mu likitocin gama-gari muka fi amfani. Ciwon doguwar QT yana samun kusan mutum 1 cikin 2,000, kuma kowane iri da abin da ke tayar da shi. Iri na farko motsa jiki ne, musamman iyo. Na biyu ƙara ce ta ba-zata, kamar agogon tashi ko ƙarar waya cikin dare, da kuma watannin bayan haihuwa ga mata. Na uku cikin barci yake kamu. Yaron da ya suma a cikin ruwa, ko yarinyar da ke faɗuwa tana shure-shure duk lokacin da aka firgita ta, sau da yawa farfaɗiya ake cewa, a shekara ana ba su maganin da ba nasu ba, alhali propranolol ko nadolol ne zai tsare su. Sun kuma tuna mana magungunan da muke rubutawa ba tare da dogon tunani ba, waɗanda ke ƙara wa QT tsawo: erythromycin, clarithromycin, ondansetron, haloperidol, chloroquine. Ga mai amai da gudawa wanda sinadarin fotasiyam ɗinsa ya riga ya sauka, allurar tsayar da amai ɗaya na iya zama abin da ya ƙarasa tura shi.

Zanen zuriya ma sun koyar da shi da kyau: kakanni, iyaye da 'yan'uwansu, sannan 'ya'ya, a takarda ɗaya. Galibin waɗannan cututtuka daga uwa ko uba ɗaya suke sauka, kowane ɗa ko 'ya da rabin yiwuwar ɗauka. Abin da na ƙara da kaina shi ne salon tambayar. In ka ce wa mutum, “Akwai mai ciwon zuciya a danginku?” amsar a'a ce kusan kullum. Yanzu nakan ce, “Baba, a cikin 'yan'uwanku ko 'ya'yansu, akwai wanda ya kwanta lafiya lau aka wayi gari ba shi? Akwai wanda ruwa ya ci alhali ya iya iyo? Wanda ya yi hatsari shi kaɗai a hanya, ba a san dalili ba?” Sai ka ga dattijo ya yi shiru, ya ɗaga kai, ya ce, “Likita, ƙanena kam haka ya tafi, ko talatin bai cika ba.”

Darasin kaurin tsokar zuciya na gado ya fi kowanne tsawo, kuma ya cancanta, tunda shi ya fi yawa: wajen mutum 1 cikin 500. Donald Teare, likitan binciken gawa a asibitin St George's na Landan, shi ya bayyana shi a 1958 daga gawarwakin mutum takwas, galibinsu matasa da suka mutu farat ɗaya. Ciwon nan ne aka samu a zuciyar Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru da ya faɗi a fili a Lyon a 2003. A hoton eko, wato sikanin zuciya, bangon zuciya da ya kai milimita 15 ba tare da wani dalili ba shi ne ma'auni, 13 kuma ya isa idan an riga an san ciwon a dangi. Matsalarmu ita ce “wani dalili” ɗin nan: hawan jini na shekaru yana kaurara bango, motsa jiki mai tsanani ma haka. Malamin ya nuna ɗan gwajin da ba ya bukatar komai sai abin sauraren ƙirji: a sa mara lafiya ya tsuguna, ƙarar da ake ji ta ragu, ya miƙe tsaye ta ƙaru. Na kuma yaba da suka kawo ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na 2017 kan ECG ɗin 'yan wasa, waɗanda suka yarda cewa a baƙar fata ɗan wasa, T da ya kife daga V1 zuwa V4 bayan ST (layin da ke zuwa kafin T) mai tudu ba ciwo ba ne. Kifewar da ke gefen hagu, V5 da V6, ita ce abin bi.

To, daga nan ne kwas ɗin ya fara santsi. Darasin ƙwayoyin halitta an gabatar da shi kamar gwajin jini ne zai yanke duk wata gardama. An yi ta jero sunayen ƙwayoyin halitta, MYH7 da aka fara ganowa a 1990 a ɗakin binciken Christine da Jonathan Seidman a Harvard, MYBPC3, KCNQ1, KCNH2, SCN5A, har kai ya ɗau zafi. Abin da likita irina ke bukatar ji da babbar murya sai can ƙarshe aka taɓa shi a gurguje: a masu kaurin tsokar zuciya, fiye da rabi gwajin ba ya samun komai, kuma rashin samun bai wanke kowa ba. Ƙa'idar fassara gwajin ƙwayoyin halitta ta 2015 ta raba sakamako gida biyar, na tsakiya shi ne canjin da ba a san ma'anarsa ba, kuma ba a gwada dangi da shi, ba a yanke hukunci a kansa. Binciken Arjun Manrai da abokansa na 2016 ko ambatonsa ba a yi ba, alhali ya nuna an gaya wa wasu baƙaƙen Amurka cewa suna ɗauke da canji mai haddasa kaurin zuciya, daga baya ta bayyana canjin ruwan dare ne a tsakanin masu asalin Afirka, ba ya cutar da kowa. Dalili kuwa, waɗanda aka kwatanta da su tun farko kusan duk Turawa ne. Kwas da ke koya wa likitocin duniya tura jini gwaji bai kamata ya tsallake wannan ba. Haka nan canjin V122I, wanda ke sa sinadarin amiloyid taruwa a zuciyar tsofaffi, wanda kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen Amurka ke ɗauke da shi kuma asalinsa Afirka ta Yamma ne, ban ji an kira shi ba. Amma mavacamten, maganin kaurin tsokar zuciya da Amurka ta amince da shi a 2022, wanda sai ƙwararru ke rubutawa tare da bibiyar eko a kai a kai, ya samu bidiyo guda cur.

Babban giɓin shi ne magana. A wannan fanni mutum ɗaya ke shigowa ɗakin likita, amma gida guda ne ke da ciwon. Kwas ɗin ya ce a duba iyaye, 'yan'uwa da 'ya'ya da ECG da eko, a maimaita wa yara lokaci-lokaci tunda kaurin kan fito ne wajen balaga, ya ba da samfurin wasiƙar da mara lafiya zai kai wa dangi, shi ke nan. Bidiyon kwaikwayo ɗaya tak da suka saka, mara lafiyar ciki mai sauƙin kai ne, duk abin da aka faɗa sai ya gyaɗa kai. Ina uwar da ta binne ɗa, yanzu kuma za a ce mata ta wajenta abin ya biyo? Ina matashin da ya ce kada a gaya wa kowa domin yana tsoron abin da zai biyo baya a wurin aiki ko wajen neman aure, alhali ƙannensa na buga ƙwallo kullum? Sirrinsa haƙƙinsa ne, ran ƙannen ma haƙƙi ne, kuma likita ce a tsakiya. Ina wan da ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba mai ɗora masa ciwo? Waɗannan su ke hana ni barci, ba sunan ƙwayar halitta ba, kuma ban fito daga kwas ɗin da jimla ɗaya da zan faɗa musu ba.

Ciwon Brugada, wani rikicewar bugun zuciya na gado wanda 'yan'uwa Pedro da Josep Brugada suka bayyana a 1992, an ratsa shi da gudu, duk da an faɗi muhimman biyun: zazzaɓi na fito da shi, kuma ɗaga V1 da V2 sama da haƙarƙari ɗaya ko biyu na taimakawa a gan shi. Ciwon da ke tasowa da gudu ko fushi a yara, wanda ECG ɗin hutu ke fita tsaf sai an hau keken gwaji, shafi biyu ya samu. Jarrabawar ƙarshe kuwa ta yi sauƙi fiye da kima; zaɓi-ɗaya ce, babu inda aka sake sa mu auna QT, abin da aka buɗe da shi.

Likitan gama-gari, na yara, na ɗakin gaggawa, da ma'aikacin jinya mai ɗaukar ECG, duk zan ce su yi shi. Ƙwararren zuciya zai iya wuce rabin, ko da yake alƙaluman Viskin sun ce kada ya wuce darasin rula. Wanda zai shiga ya buga takardun ECG ɗin a kan takarda da girmansu na ainihi tun da wuri, domin ana rufe rumbun takardun da zarar an karɓi takardar shaida.