Wane faifai za ka saya in kana neman waƙoƙin Turawa masu sanyi na da?

Amurkawan da aka haifa tsakanin 1946 da 1964 sun taso da wani kiɗa mai taushi, ba ihu ba hayaniya, sai muryoyi biyu ko uku suna tafiya tare. Tunda faifan garmaho ya dawo kasuwa, masu neman irinsa don kansu ko don yi wa wani dattijo kyauta sun yawaita. In kuɗinka na faifai ɗaya ne, ga shawarata.

Sayi The Singles: 1969–1973 na Carpenters, wanda kamfanin A&M ya fitar a 1973. Waƙa 12 ce, kuma babu wadda za ka ɗaga allura ka tsallake. Su biyu ne kawai, Karen da wanta Richard, amma Richard kan naɗi muryoyinsu sau da yawa ya ɗora wata kan wata, har ka rantse ƙungiya guda ce ke amshi. Muryar Karen kuwa ƙasa-ƙasa take, ba ta ja da kiɗa, ba ta yi wa kalma ado. Ga shi asalinta makaɗiyar ganga ce, shi ya sa ba ta taɓa kuskure lokacin shiga baiti. Ta rasu a 1983 tana da shekara 32, sanadiyyar ciwon ƙin cin abinci da ya taɓa mata zuciya. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Ingila, an buga shi da yawan gaske, don haka na hannu ba ya wuyar samu kuma ba ya tsada. Tarin waƙoƙinsu da suka fito daga baya, da yawa Richard ya sake taɓa sautinsu. Ni dai na tsohon nake so.

Bridge over Troubled Water na Simon da Garfunkel, na 1970, shi ne zaɓina na biyu, sai dai ya fi dacewa da mai sauraro shi kaɗai. ABBA Gold na 1992 na rawar biki ne. Pet Sounds na Beach Boys, na 1966, masana na yabonsa ƙwarai, amma a bar wa masana.

Inda ake yanka mutane shi ne wajen jabu. A Ingila an yi shekaru ana sayar da wasu faifai masu arha da ake kira Top of the Pops: sunayen waƙoƙin na gaskiya, amma mawaƙan haya ne ke kwaikwayon masu su. Har gobe irinsu na yawo. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa turo min makamancinsa, hoton bango tsaf, ina ɗorawa na ji wata baiwar Allah tana ƙoƙarin zama Karen. Tun daga nan abin da nake fara dubawa shi ne ƙananan rubutun bayan kwali. In an ce an sake naɗar waƙoƙin, ko an yi su don girmama wane, ajiye. Nemi tambarin kamfani. Karkata faifan ga haske ka duba lambobin da aka zana kusa da tsakiya, ka gwada su da na Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faifai. In CD ne, wanda bayansa ke ɗaukar kore ko shuɗi a kwamfuta aka kwafe shi. Pet Sounds ma yana da nasa tarkon: bugun da aka rubuta wa Duophonic sautin lasifika ɗaya ne aka raba biyu da dabara, na lasifika biyu na gaskiya sai 1997 ya fito.

Kada ka biya kafin mai kaya ya turo hoton faifan kansa, gaba da baya, a wajen kwalinsa. In ya fara kame-kame, nemi wani.