Koren littafin Hewings: darussan tsallake kalma, maye gurbi da sunaye sun cancanci kuɗinsa?

Advanced Grammar in Use na Martin Hewings, wanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ke wallafawa, shi ne babba a jerin littattafan nahawun Turanci guda uku da masu sayarwa ke ganewa da launin bango: ja na masu farawa, shuɗi na matsakaita, kore na waɗanda suka yi nisa. Ya fara fitowa a 1999. Bugu na uku, na 2013, shi ake magana a kai a nan. Darussa 100 ne a ciki, kowane darasi shafi biyu, bayani a hagu, aikin gwaji a dama.

Ba duk littafin za a bi ba. Sashe biyu ne abin dubawa: darasi na 40 zuwa 43 kan sunaye, da na 60 zuwa 65 kan wakilin suna, maye gurbi da tsallake kalma. A nan Turancin mai karatu da yawa ke tona masa asiri, domin mutum na iya haddace lokutan aikatau kaf amma rubutunsa ya yi nauyi saboda maimaita abin da Bature zai bari a ciki.

Sashen maye gurbi shi ne zuciyar littafin ga Bahaushe. Dalili kuwa, Hausa ma tana tsallake kalma, har ta fi Turanci, sai dai ba a wuri ɗaya suke yi ba. Idan aka tambaye ka "Ka sayi shinkafar?" amsa ita ce "Na saya", an riƙe aikatau an jefar da karɓau, wato abin da aka saya. Turanci akasin haka yake yi: yana jefar da aikatau ya riƙe mataimakinsa, "Yes, I have" ko "Yes, I did". Wanda ya ɗauko tsarin Hausa sai ya ce "Yes, I bought", jimlar ta tsaya da ƙafa ɗaya. Darasi na 64 ya zauna a kan wannan sosai, har da inda mataimaka suka taru biyu ko uku, yana nuna wanne za a iya yankewa. Darasi na 65 kuma ya ɗauki ɗan guntun "to" da ke tsayawa a madadin aikin gaba ɗaya. "Ina so" tana wadatarwa a Hausa, amma a Turanci amsar gayyata ita ce "I'd love to", ƙin yarda kuma "I'd prefer not to". An kuma ja hankali cewa idan aikatau ɗin "be" ne, yawanci ba a jefar da shi: "The road is busier than it used to be".

Haka batun "one" da "ones" a darasi na 61. Muna cewa "ba ni jan" ko "ba ni ƙaramar", sifa ita kaɗai ta ɗauki nauyin suna. Turanci yana neman abin dafawa, "the red one". Tarkon da ke biye da shi shi ne wanda ya koyi ƙa'idar sai ya zuba ta ko'ina, ya ce "local rice and foreign one". Wannan kuskure ne, saboda "one" ba ta maye gurbin sunan da ba a ƙirga shi. Littafin ya faɗi haka ƙarara, aikin gwajin kuma yana sa ka yanke hukunci inda kalmar ta zama dole, inda za a iya barinta, da inda ba ta shiga sam. Irin wannan gwaji ya fi cike gurbi amfani nesa ba kusa ba.

Darasi na 62 da na 63 su ne mafi daɗin aiki. "So" a "I think so" daidai take da "haka" a "ina jin haka", saboda haka ba ta ba da wahala. Korewa ce ke da ƙaya. Ana cewa "I don't think so", amma "I hope not" da "I'm afraid not". Ba a cewa "I don't hope so". Babu wata hikima da za ta fitar da kai, sai ka san rukunin da kowane aikatau ya faɗa, kuma an jera su. "Do so" kuwa ta rubutun ofis ce da na jami'a, tana tafiya da aikin da aka yi da niyya. "He was told to sign and he did so" daidai ne, amma ba a haɗa ta da aikatau irin "like" ko "remember".

Sashen sunaye bai kai wancan ƙarfi ba, ko da yake darussa uku na daidaita aikau da aikatau suna da kyau: "a number of students are" amma "the number of students is", "the police are", "the news is", kuɗi da nisa da lokaci a ɗauke su tilo, "fifty thousand naira is not enough". Darasi na 43 kan harɗaɗɗen suna yana gyara "a ten-minutes walk" zuwa "a ten-minute walk". Matsalar ita ce cutar da ta fi damun Turancin Najeriya ba a ba ta fili ba. "Informations", "equipments", "advices", "furnitures", "luggages" suna cike da takardun ofis, amma marubucin ya ɗauka mai karatu ya wuce wannan mataki. Mai wannan rauni zai buƙaci shuɗin littafin na Raymond Murphy da ƙamus mai nuna sunan da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. Gina suna daga aikatau, kamar "decide" zuwa "decision" ko "maintain" zuwa "maintenance", shi ma ba aikin wannan littafi ba ne.

Wani raunin, yawancin gwaje-gwajen jimla ɗaya ne ko biyu, alhali tsallake kalma a cikin sakin layi take nuna amfaninta da haɗarinta. Idan aka yanke da yawa, mai karatu ya rasa abin da "so" ko "did" ke komawa gare shi. Maganinsa mai sauƙi ne: bayan kowane darasi, ɗauko wasiƙa ko rahoton da ka taɓa rubutawa, ja layi ƙarƙashin duk abin da ka maimaita, ka gwada ƙa'idar ranar a kai.

Tsarin aikin da ya fi ba da sakamako shi ne darasi ɗaya a zama, kamar minti 45. Fara da shafin dama da fensir kafin ka karanta bayani, don ka ga inda kake tuntuɓe. Sannan ka karanta hagu, ka gyara, sai ka duba amsa. Duk jimlar da ka kuskure, rubuta ta a littafi daban tare da yadda Hausa za ta faɗe ta, ka koma kanta bayan kwana uku. Darussa goman nan za su ci mako uku zuwa huɗu a haka.

Wajen saye, a tabbata bangon ya nuna akwai amsoshi, domin akwai bugun da ba su cikinsa, an yi shi ne don aji mai malami. A buɗe ƙarshen littafin a gani da ido, musamman da yake kwafin jabu kan zo da dusashen rubutu ko shafuka a tsallake. Turancin Ingila ne a ciki, bayanin kuma duk da Turanci, babu sassauci.

Ga mai shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, ɗalibin digiri na biyu, malamin Turanci, ɗan jarida ko mai fassara, sashen 60 zuwa 65 kaɗai ya biya kuɗin littafin. Ɗan sakandare mai shirin WAEC, NECO ko JAMB zai amfana da darasi na 40 zuwa 42, amma sauran sun yi masa nauyi a yanzu, shuɗin ya fi dacewa da shi.