Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfutar ofis: wace za ta zama sabar gida?

Mu Hausawan Jidda da Makka, wayoyinmu sun cika maƙil da hotunan biki, bidiyon suna daga gida, da karatun malamai. Tara su a sabar gida, wato kwamfutar da ke kunne kullum tana adana fayiloli don wayoyin gida su riƙa ɗauka, ya fi barin su a WhatsApp. Amma da wace na'ura?

Raspberry Pi 5, 'yar ƙaramar kwamfutar da ta fito a 2023, ba ta wuce tafin hannu ba, kuma ba ta cin wuta. In Pi-hole mai toshe talla kawai kake so, ta wadatar. Rauninta katin ajiya na microSD ne, rubuta bayanai a kansa dare da rana yana cinye shi. Kafin ka ƙara SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) da fanka da cajar wat 27, kuɗin ya haura. Ga zafi: in ta kai wajen digiri 80 sai ta rage gudu da kanta, kuma kowa ya san ɗakin da aka kashe wa esi a watan Yuli.

Ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, Lenovo ThinkCentre ko Dell OptiPlex, irin waɗanda ake samu a kasuwar kayan hannu ta Haraj, ta fi cin wuta, amma ta fi ƙarfin aiki. Ka ɗora Debian, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da Docker mai gudanar da sauran manhajoji, Immich ya riƙe hotuna, Jellyfin ya riƙe bidiyo. Injinta na Intel yana sauya bidiyo ya dace da kowace waya ba tare da wahala ba, aikin da ke gajiyar da Pi 5.

Mai iyali, ni tsohuwar kwamfutar ofis ɗin zan zaɓa masa. Ranar saye dai a buɗe ta, a busa ƙurar fanka, a sa sabon SSD.