Tsohuwar Subaru Outback a hanyoyin Katsina: abin da na gani da na riƙe ta

Motar da nake hawa Subaru Outback ce ƙirar 2007, doguwa irin wadda muke kira wagon, mai injin lita 2.5 da giya otomatik. A bakin dillalai 'yar Baljiyam ce, amma daga Amurka ta fito, don a can ake haɗa irinta, a garin Lafayette na jihar Indiana. Abin da ya raba ta da yawancin motocin gida da ke yawo a Katsina shi ne ƙafafunta huɗu duk suna ja, kuma ba sai direba ya taɓa wani maɓalli ko ya ja wani ƙarfe ba. Damina da rani sun zagayo mata a hannuna, na ɗauki iyali da ita, na ɗauki taki da hatsi, na kuma kashe mata kuɗi, shi ya sa nake ganin zan iya magana a kanta.

Ba sha'awa ce ta kai ni gare ta ba, hanya ce. A cikin gari nake aiki, amma mahaifiyata da gonarmu ta gado suna wani ƙauye gaba da Mashi. Daga Katsina zuwa Mashi kwalta ce, ba a magana. Sai an sauka daga titi ake sanin mota. Da rani yashi ne mai zurfi wanda amalanken shanu suka yi wa kwari biyu, tsakiya ta yi tudu. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, akwai wata fadama da ruwa ke kwanciya, ƙasar wurin ta zama taɓo mai santsi. Duk ƙaramar mota mai ja da ƙafar gaba, in ta iso nan sai dai a ajiye ta a hau babur. Ga tsohuwa mai ciwon ƙafa da ake kawowa asibiti lokaci zuwa lokaci, babur ba abin hawanta ba ne. Hilux kuwa ta fi ƙarfin aljihuna. Kuma a zamanin da muke ciki babu mai son mota ta kafe masa a daji magariba na gabatowa, da mata da yara a ciki.

A wani wurin sayar da motoci na gan ta, an tura ta can baya, ƙura ta rufe gilashi. Kuɗin da aka sa mata bai kai na Corolla sa'arta ba, dalili kuwa a fili yake: mutanenmu ba su san ta ba, abin da ba a sani ba kuma ba ya saurin fita. Na koma da bakanikena, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin Peugeot 504. Ko bonet bai fara buɗewa ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da fitilar waya. Abin da ya fara nema shi ne farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya. Ya ce ya sha ganin motoci masu ja da ƙafa huɗu waɗanda bayansu ya samu matsala, maimakon a gyara sai a kwance farfelar a jefar, mota ta koma ja da gaba kawai, a sayar wa mutum da sunan mai ƙafa huɗu. Ya kama ta ya girgiza, ya duba robobin da ke rufe da shaf ko sun yage, sannan ya bi ƙarafan ƙasa yana ƙwanƙwasawa da sifana. Tsatsa yake nema. Irin wannan mota a jihohin Amurka masu ƙanƙara aka fi sayenta, can kuma gishiri ake zubawa a titi lokacin sanyi, gishirin nan shi ke cin mota ta ƙasa alhali fentin sama yana ƙyalli. Ya leƙa salansa ya tabbatar ba a farke ta an kwashe indomi ba, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. Da ya fito yana kakkaɓe riga sai ya ce, "Alhaji, ƙasanta lafiya lau. In za ka iya da ita, ka saya. Amma ba a yi mata riƙon Golf."

Takardun kwastan ma na tsaya a kansu. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, mu kuma da ke zaune kusa da Jibiya da Kongolam mun san yadda jami'ai ke tsananta bincike a hanyoyinmu. Motar da takardar diyutinta ba ta cika ba, ko kyauta aka ba ka wahala ce.

A kan abin da na saye ta dominsa, ban da abin cewa sai yabo. Tsakanin cikinta da ƙasa akwai kusan santimita 21, Corolla kuwa ba ta wuce 15 ba, wannan tazara ita ke hana tudun tsakiyar hanya kankare mata ciki. A yashi, in ka rage iskar tayoyi kaɗan, ka sa ta a giya ta biyu, ka riƙe totur daidai ba tare da ka ɗaga ƙafa ba, tafiya kawai take yi. A fadamar nan kuma na ji yadda take aiki da jikina. Ranar an kwana ana ruwa, Hajiya mahaifiyata tana kujerar gaba da carbinta, buhunan taki a baya. Da muka shiga taɓon sai na ji ƙafar gaba ta fara sulɓewa, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna. Kafin in yi tunanin abin yi, sai na ji an turo motar daga baya, ta miƙe, laka na fallatsa har gilashin gefe, muka haye. Samarin da kan tsaya a wurin suna jiran motar da za su tura suka bi mu da kallo. Hajiya ba ta ce komai ba sai "Alhamdu lillahi", ta ci gaba da jan carbi.

Kada dai wani ya ɗauka motar daji ce. Ba ta da ƙaramar giyar nan ta Hilux da Land Cruiser, hancinta dogo ne yana taɓa ƙasa a gangare mai tsini, ruwan da ya kai gwiwa kuma ba na shiga da ita ko da wa ya ce mini ƙasan da tauri. A kwalta, tsakanin Katsina da Kano ta Kankiya da Bichi, zama take yi daram a kan titi, ko ana ruwa. Injinta a kwance yake, silinda biyu ta dama biyu ta hagu, nauyinsa ya yi ƙasa, shi ya sa ba ta rangaji a kwana. Amma ba ta da zafin tashi. Giya huɗu gare ta, in za ka wuce tirela sai ka ba ta fili.

Taya ita ce maganar da nake so duk mai sha'awar irin wannan mota ya ji da kyau, don a nan ɗabi'armu da buƙatar motar suka yi hannun riga. Mu a nan taya ɗaya ake saya. In ta fashe, ka je wurin masu Baljiyam, a duba lamba, a ɗaura, ka tafi. A mota mai ja da ƙafa biyu hakan na wucewa. A wannan ba ya wucewa. Gaba da baya a haɗe suke ta cikin giyabos, akwai wasu faifan kuloci da ke raba ƙarfi tsakaninsu. In taya ɗaya sabuwa ce mai kauri, sauran sun suɗe, to zagayensu ba ɗaya ba ne. Motar sai ta ɗauka wata ƙafa na sulɓewa, kulocin nan ya yi ta kamawa yana gogawa tun daga Ƙofar Ƙaura har Kano, ya yi zafi, ya ƙone a hankali. Alamar ita ce in ka karya sitiyari gaba ɗaya kana juyawa a hankali, sai ka ji motar na turjewa tana tsalle-tsalle. Bambancin da ake yarda da shi tsakanin tayoyin ɗan kaɗan ne, kusan milimita 6 a kewayen taya. Wato huɗun su zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, cin su ɗaya, iskarsu kuma kamar yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Ranar da wani ƙarfe ya yanka mini taya ta gefe a hanyar Daura, mai faci ya mirgino wata ya ce, "Oga, ga ta nan, 225/55 ce, rim 17, daidai da taka." Na ce masa, "Malam, lamba ta yi, amma ɗauko zare." Muka zagaya zaren a kan tasa, muka zagaya a kan tawa ta ɗaya gefen, tasa ta fi da kusan faɗin yatsa. Ya yi ta mamaki, ya ce shi tunda yake sana'ar nan ba a taɓa sa shi awon taya da zare ba. Ƙarshenta huɗu na saya, ukun da suka rage na sayar masa. Kuɗin ya yi mini zafi ƙwarai, sai dai bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba. Mai sayen taya kuma ya riƙa duba lambobi huɗun nan da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ta tsufa a sito, ko zanenta na nan, kwaltar watan Afrilu ba ta raga mata.

Abu biyu ke biye da wannan. Safayar da take zuwa da ita ƙarama ce, kuma a irin tawa akwai wani gurbin fiyus a cikin bonet mai rubutun FWD, wanda ake sa wa fiyus in an ɗaura safayar, motar ta koma ja da gaba har a isa gari. Sannan in ta lalace a hanya, ba a ɗaga gabanta a ja ta ƙafafun baya na birgima. Ɗaukarta ake yi gaba ɗaya a bayan babbar mota, samun irin wannan janwe kuwa a wajen gari ba abu ne mai sauƙi ba.

Injin kansa bai ba ni wahala ba, amma yana da sharuɗɗa. Bel ne ke juya taimin ɗinsa ba sarƙa ba, kuma ƙa'ida a canza shi a mil 105,000, wajen kilomita 169,000. In ya tsinke ana tafiya, fistin da bawul ne za su yi karo, aiki ya koma na sauke inji. Tun da ba wanda zai rantse maka a kan abin da mitar tsohuwar mota ta nuna, ina sayenta na sa aka canza bel ɗin da boris-boris ɗinsa da famfon ruwa. An kuma san injinan waɗannan shekaru da tsattsafar mai ta gasket ɗin kan silinda in sun tsufa, don haka mai saye ya leƙa ƙasan injin ta gefe biyu. Tawa a bushe na same ta. Baƙin mai 5W-30 aka rubuta mata, ina duba sandar awo duk Juma'a. A lagireto ba na zuba ruwan famfo zalla, ban kuma yarda an cire mata tamostat ba, duk da kusan kowane gareji shawarar da za a fara ba ka ke nan da zarar zafin bazara ya haura digiri 40. Da hunturu kuwa matatar iska kan cika da ƙura tun kafin lokacin sabis ya yi.

Inda take gajiyar da ni shi ne kayan gyara. Fitar mai da birki ana samu. Amma abin da ya shafi ƙafa, irin su shokazoba da bushin da boris na baya, ba na ma ɓata lokacin zagaya shagunan Katsina. Wani lokaci a dace a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, galibi dai sai an yi waya Ladipo a Legas, a turo hoto, ka tura kuɗi, a sa a motar haya. Akwai lokacin da aka aiko mini da boris na wata shekarar daban, mota ta yi kwanaki a kan jak, ni kuma ina bin Keke Napep zuwa ofis. Masu gyaran ma sai an zaɓa. Fulogoginta a gefe suke, a matse da jikin mota, yaron gareji mai gaggawa zai iya lalata zaren wurin ɗaurawa. Ba na barin kowa ya taɓa ta in maigidan ba ya nan.

Mai kuma tana sha. Tankinta lita 64 ne. A cikin gari da na'urar sanyi a kunne, lita ɗaya ba ta kai ni fiye da kilomita 8 ba, a doguwar hanya takan kai 11. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 a gidajen mai na gwamnati ba, wannan ba abin damuwa ba ne. Da aka cire tallafi, lita ta haura 500 a 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, sai lissafi ya canza. Yanzu zirga-zirgar kusa da gida da babur nake yi, ita kuwa tana jiran tafiyar iyali da ta ƙauye.

Uwargida ta fi kowa sonta, saboda but. Kayan sallah, kulolin abinci, buhun gero da na wake in mun dawo daga gona, duk suna shiga, in an kwantar da kujerun baya har katifa ta taɓa ɗauka. Yara uku na zama a baya, sai dai na tsakiya yana takura saboda tudun da farfela ta bi ta ƙarƙashinsa.

Wani abokin aikina da ya ga yadda take shiga ƙauye ya ce zai nemi irinta. Na tambaye shi inda yake zuwa, ya ce daga gida sai sakatariya, sai Kano jefi-jefi. Na ce masa ya bar ta, don zai biya kuɗin mai da na taya huɗu a kan abin da ba zai taɓa amfani da shi ba, ranar da ya tashi sayarwa kuma dillalai za su taya ta da arahar da ya saye ta, ko ƙasa da haka. In ma lallai yana son ƙafa huɗu, akwai Pontiac Vibe da Toyota Matrix na 2003 zuwa 2006 da aka yi wasunsu da wannan tsari, injin Corolla ne a cikinsu, kowane bakanike a Katsina ya san shi, ko da yake ba su kai Outback tsayi daga ƙasa ba, kuma su ma dokar taya na kansu. Ni da ke da fadama tsakanina da mahaifiyata, na riga na aika Legas a nemo mini shokazoba biyu na baya, ina so a ɗaura su kafin ruwan Yuni ya sauka.